Daga Cikin Wa Ta Fito, Cikin Wa Za Ta Shiga? Lacca Kan Ƙwayar Zawon Yara

  

An ce in yi muku magana kan karatu mai zurfi, irin binciken da ake yi bayan an gama doktora. Na ga in na tsaya lissafa muku takardun shaida barci za ku yi. To bari in ɗauko tambaya guda daga cikin waɗanda masu irin wanga karatu suke bi, tambayar da ta shafi gidan kowa a Kurfai. Iyaye ku gafarce ni, maganar zawo ce. Ba a saba kawo ta gaban manya ba, amma ciwon da ke ɗauke mana yara bai cancanci a ji kunyar sunansa ba.

Kowa cikinku ya san yadda take zuwa. Yaro ya fara rarrafe, ko ya fara tafiya, sai ciki ya ɓare kamar ruwa. A ce haƙora ne. A ce nonon uwa ne ya ɓaci. Kwana uku, kwana biyar, maɗiga ta faɗa, ido ya zurma. Wani ya tashi, wani a kai shi likita a makare. Wanda ya tashi ɗin ma, ku lura da shi: sau da yawa sai ku ga tsaransa sun wuce shi tsawo, kuma bai ƙara kamo su ba.

Zawo ba ciwo guda ba ne, alama ce, kuma ƙwayoyin da ke kawo ta suna da yawa. Daga 2007 zuwa 2011 an yi wani babban bincike da ake kira GEMS a wurare bakwai: Bamako a Mali, Basse a Gambiya, da wurare a Kenya, Mozambik, Indiya, Bangladesh da Pakistan. An auna bayan gidan yara 9,439 masu zawo mai tsanani, aka gwada da na yara 13,129 masu lafiya. Da sakamakon ya fito a 2013 sai aka ga ƙwayoyi huɗu ne ke ɗauke da mafi yawan laifin. Ta farko rotabirus, kowa ya yi tsammaninta. Ita wannan tana da rigakafi, Nijar ta sa shi cikin rigakafin jarirai tun 2014, kuma a nan ƙasarmu, a Madarunfa ta jihar Maraɗi, aka gwada wani irinsa mai jure zafi, sakamakon ya fito a 2017. Amma wadda ta zo ta biyu ga jarirai ta ba likitoci da yawa mamaki. Sunanta Kiriftosforidiyom. Mu ce Kirifto a taƙaice. Na ga samari na murmushi: a'a, ba kuɗin nan na cikin salula ba. Amma asalin kalmar guda ne, da Girkanci tana nufin abin da ke ɓoye.

Sunan ya dace da ita. Wani Ba'amurke, Ernest Tyzzer, shi ya fara ganinta a cikin ɓera a 1907. Sai da aka yi kusan shekara saba'in, a 1976, kafin a gane tana kama mutum. Ko a lokacin an ɗauke ta abin wasa, har sai da sida ta bayyana aka ga tana kashe waɗanda garkuwar jikinsu ta faɗi. Dangin ƙwayar zazzaɓin sauro ce, sai dai ita ba ta bukatar sauro. Hanyarta gajera ce kuma ba daɗin faɗi: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani.

Ga yadda take yi. Tana fita daga jiki cikin wani ƙwai mai ɓawo mai tauri. Ƙanƙantarsa, in ka jera guda 200 kafaɗa da kafaɗa, sannan su cika milimita guda. In mutum ya haɗiye shi, ɓawon ya tsage a hanji, ƴaƴa huɗu su fito, kowane ya liƙe ga bangon hanji ya fara hayayyafa. Wajen mako guda zawo ya fara. Ƙwai goma kacal na iya kayar da mutum, alhali ɗan maraƙi guda da ya kamu yana iya zubar da biliyoyi kafin ya warke. Ku ajiye wannan lissafi a zuciya, za mu komo gare shi.

Abin da ya fi ba da tsoro shi ne ɓawon nan. Ruwan jabel da ƙwayoyin Aquatabs da ake rabawa lokacin kwalara suna aiki sosai kan ƙwayar kwalara, kuma ina roƙonku kar wanda ya fita nan ya ce na hana amfani da su. Amma a ma'aunin da ake sawa cikin ruwan sha, ba su kashe ƙwan Kirifto. Yana iya yin kwanaki cikin ruwa mai jabel yana nan da ransa. Man nan na goge hannu da aka saba da shi lokacin korona, shi ma bai kashe shi. Tafasa ruwa na kashe shi, minti guda ya isa. Bushewa ƙarƙashin rana ma na kashe shi, shi ya sa ya fi son laima, kuma a Afirka ta Yamma an fi ganinsa da damina. Rigakafi kuwa babu. Magani guda ne aka amince da shi, nitazoksanid, kuma ga yaro mai tamowa, wanda shi ne ya fi bukatarsa, ba ya aiki yadda ake so. A Bissau, tun shekarun 1990, masu bincike sun bi yaran da suka kamu da ita suna jarirai, suka ga tana barin tabo ga nauyinsu da tsawonsu ko bayan zawon ya tsaya.

To, abin da ba ka da rigakafinsa, maganinsa kuma rabi da rabi ne, me ya rage maka? Ka tare masa hanya. Kuma ba ka tare hanyar da ba ka sani ba.

In na tambaye ku yanzu daga ina yaron Kurfai ke samunta, na san amsar da za ku ba ni, don ita ce ido ke gani. Ku je kowace rijiya cikin Dallol Bosso da hantsi. Ruwa kusa yake, wasaki na shiga yana fita, igiya na jan ƙasa ta koma ciki, shanu da awaki sun kewaye komi, kashinsu ya cakuɗe da laka, mata na cika jarkoki a gefe. Da damina kuma ga tabki, dabba ta sha, yaro ya yi wanka, a ɗebo a kai gida. Ga ɗan maraƙi ɗaure tsakar gida, ɗan yaye na wasa da igiyarsa. Haɗa wannan da biliyoyin ƙwan da na faɗa muku, sai ka ce shari'a ta ƙare, dabbobi ne.

Masana ma haka suka ɗauka shekara da shekaru, kuma suna da dalili. A Turai da Amurka, inda ake tara ɗaruruwan ƴan maruƙa wuri guda don madara, Kirifto ta yi katutu cikin waɗanda ba su kai wata guda ba, kuma ɗaliban likitan dabbobi kan kamu da ita daga gare su. Ga madubin ƙara girma kuwa, ƙwan da ya fito daga maraƙi da wanda ya fito daga yaro kamarsu ɗaya. Ba ka iya rarrabe su.

Abin da ya sake labarin shi ne da aka koyi karanta rubutun gado na cikin ƙwayar, wanda ake kira DNA. Sai aka ga ashe ba iri guda ba ce, dangi ne mai yawa. Akwai wadda ake kira hominis, kusan mutum kaɗai take kamawa, a 2002 aka raɗa mata suna nata na kanta. Akwai parvum, mai kama maraƙi da mutum duka. Akwai bovis da ryanae da andersoni, na shanu ne, da wuya su dami mutum. Akwai ta tsuntsaye, wadda aka fara gani ga talotalo, ita kuma takan tsallako ga mutane. Har cikin iri guda ana iya rarrabe zuriya da zuriya, ta wani wuri cikin rubutun da ake kira gp60. Ku makiyaya kun fi kowa gane wannan. Baƙo ya ga garke ya ce shanu ne. Kai ka duba ka ce wannan azawak ce, waccan bororo ce, wannan kuma da shaidar gidan wane a cinyarta. To haka mai bincike ke karanta shaida ga ƙwai, ya ce wanda ke cikin yaron nan da wanda ke cikin wancan daga garke guda suka fito, ko ba daga garke guda ba.

Bari in ba ku misali daga nesa, sannan mu matso gida. A 1993, a birnin Milwaukee na Amurka, Kirifto ta shiga ruwan famfo, mutum wajen 403,000 suka kamu cikin ƴan makonni. Birni mai injinan tace ruwa, mai jabel, mai komi. Da farko an zargi gonakin shanun da ke bakin kogunan da ke zuba cikin tabkin da birnin ke sha. Bayan shekaru, da aka karanta shaidar ƙwayoyin da aka adana daga marasa lafiya, sai aka tarar hominis ce. Ta mutane. Saniya ta sha zagi a banza.

Yanzu mu zo ƙasar Hausa. A 2011 Beatty Maikai da abokan aiki na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da Lihua Xiao na hukumar CDC ta Amurka, sun fitar da binciken shanun gargajiya na jihar Kaduna. Sun sami Kirifto cikinsu, amma bovis da ryanae da andersoni. Parvum, wadda ake tsoro, ba su same ta ba. A 2016 Samba Sow na Bamako da abokansa suka karanta shaidar ƙwayoyin yaran GEMS: wajen uku cikin huɗu hominis ce, kuma ƴar parvum ɗin da aka samu, mafi yawanta zuriyar da ke yawo tsakanin mutane ce. Sannan a 2021 wasu masu bincike na cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg da abokan aikinsu a Gana, Gabon, Tanzaniya da Madagaska suka fitar da aikin da ni ya fi burge ni, don sauƙin dabararsa. In an kawo yaro likita aka same shi da Kirifto, sai su bi shi gida. Su auna mutanen gidan, su auna yaran maƙwabta, su auna dabbobin da ke wurin. Shaida iri guda sai ta riƙa fitowa ga yaron da ƴan gidansu da abokan wasansa. Dabbobin kuwa, rabonsu cikin lamarin kaɗan ne ƙwarai.

Kun ji inda maganar ta juya ko? Mun fita muna neman ɓarawo bakin rijiya, ashe yana tsakar gida. Yarinyar da ta wanke wa ƙanenta, ta goge hannu ga zane, ta dama masa hura. Moɗa guda da kowa ke tsomawa cikin randa. Kashin jariri da ake cewa ba shi da ƙazanta, a share shi da tsintsiya a watsa bayan darni inda yara ke wasa. Wanda ya warke ma yana iya ci gaba da zubar da ƙwai har makonni, wani kuma yana ɗauke da ita bai taɓa yin zawon ba.

Amma kar ku yi saurin wanke dabbobi tas. Nan ne mai ilimi ke bambanta da mai jin labari. Parvum ta fi zama cikin maraƙi ɗan makonni, in ya girma sauran irin ke maye gurbinta, saboda haka shekarun dabbar da ka auna na iya sake amsar da za ka samu. Kuma a Masar da Aljeriya da Tunisiya an sami parvum mai tsallakawa daga dabba zuwa mutum cikin ƴan maruƙa. Mu muna tsakiya, Aljeriya na arewa da mu, Kaduna na kudu. Kiwonmu ma ba iri guda ba ne. Akwai mai tafiya da garkensa arewa da damina, akwai mai turke a gida, akwai tashar Tukunus nan kusa da mu inda aka daɗe ana renon azawak wuri guda ana tatsa, akwai kasuwar Balleyara inda dabbobin ƙasashe ke gamuwa ranar Lahadi. Amsar Kaduna ba dole ta zama amsar Cikal ko Bonkuku ba. Kowace ƙasa sai an je an tambaye ta.

Kuma amsar tana da farashi. In dabba ce babbar hanya, kuɗi su tafi ga gina bakin rijiya da nisanta komi da raba wurin shan dabba da na mutum. In tsakar gida ce, ko ka gina rijiyar siminti mai murfi yara za su ci gaba da kamuwa, sai a ce aikin bai yi ba, alhali ba nan ciwon yake ba. Karamar hukuma mai kuɗi kaɗan ba ta da halin yin kuskure sau biyu.

To wa ke irin wanga aiki? Galibi ba manyan farfesoshin da kuke jin sunansu ba ne ke riƙe da kwalba. Matasa ne da suka yi bak, suka yi lisans shekara uku, mastar biyu, doktora uku ko fiye, sannan suka shiga ɗakin binciken wani babba da yarjejeniyar shekara biyu ko uku. Shi ne binciken bayan doktora. Kamar gardi ne da ya sauke, ya yi satu, amma bai buɗe makarantarsa ba tukuna, ya tafi gaban wani malami ya ƙara gogewa. Ba a ba ka darasi, ba a yi maka jarrabawa. Tambaya guda za a ba ka, ko ka kawo taka, a ga abin da za ka yi da ita. Ba zan ɓoye muku ba, albashin bai kai wahalar ba, aikin ba na dindindin ba ne, kuma sa'anninka da suka shiga kasuwa za su riga ka gina gida. Wata shida na iya wucewa gwaji bai ba da komi ba.

Amma ku dubi abin da irinsu suka yi. Kirifto ta daɗe tana gagarar masu bincike don ba ta yarda a rene ta cikin kwalba, kwana kaɗan sai ta tsaya. A 2015, a ɗakin binciken Boris Striepen a Jami'ar Jojiya ta Amurka, Sumiti Vinayak da Mattie Pawlowic da Adam Sateriale da abokansu suka fara samun hanyar taɓa rubutun gadonta, har suka sa ta tana ba da haske don a iya binta cikin hanjin ɓera. Daga wannan ƙofa, a 2019 aka nuna cewa cikin kwalba ƙwayar kan kai har ta zama maza da mata, amma ba su haɗuwa, kuma in ba su haɗu ba babu sabon ƙwai. Ku yi tunani: duk yaɗuwarta daga yaro zuwa yaro ta rataya ga wannan haɗuwar. Wanda ya gano yadda za a hana ta ya datse hanya daga tushe. Yau Pawlowic na da ɗakin bincikenta a Dundee ta Sikotilan, tana bin sirrin ɓawon ƙwan, Sateriale kuma na da nasa a Landan.

Su suna da injina. Abin da ba su da shi, ku ke da shi. Aikin bin ƙwaya gida gida ba ya yiwuwa sai da wanda zai yi sallama a buɗe masa, wanda zai iya cewa wata tsohuwa: "Inna, kashin jikanki muka zo nema," ta yi dariya ta ba shi, ba ta zaci asiri za a yi ba. Sai wanda ya san wace rijiya wace unguwa ke sha, wane wata garke ke dawowa, wanda ke jin Hausa da Zabarmanci, in da hali da Fulatanci da Tamashek. Ga ƴan mata musamman: tambayoyin da suka fi muhimmanci cikin wanga bincike, wa ke wanke yaro, da me, ina ake zubarwa, namiji baƙo ba zai taɓa samun amsarsu ta gaskiya ba. Hanyar kuma ba sai ta Turai ba. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar CERMES da ɗakin binciken dabbobi na LABOCEL, duka a Yamai, ga jami'armu ta Tilaberi, ga Zariya da Bamako inda aka riga aka yi irin aikin. Mai son wannan hanya ya riƙe ilimin halittu da lissafi tun daga lise, ya kuma dage da Ingilishi, don da shi ake rubuta kusan duk sakamakon.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannunku daga yau. Kun karanta a littattafan fikihu cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan daram. Sai dai ruwan da ya halatta ka yi alwala da shi, garau, ba wari, yana iya ɗauke da ƙwan da zai kwantar da jariri. Saboda haka ruwan da za a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, a tafasa shi. Na san itace na da tsada a Kurfai, ban ce a tafasa na gida duka ba, buta guda ta yaron ta isa, a rufe ta, kar a tsoma mata moɗa. Jariri kuwa har wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara. Wanda ya wanke wa yaro ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, sabulun ba kashe ƙwan yake ba, kwashe shi yake ya tafi da shi. Kashin yaro ya shiga salga ko a binne shi. In yaro guda ya fara zawo a gida, ku san sauran ƙananan na cikin haɗari, a raba musu kwano da moɗa har mako biyu bayan ya warke.

Shi kuma mai zawon, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na likita tun ranar farko, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kar a tsayar da nono, kar a hana shi abinci. In ya ƙi sha, ko yana amai ba tsayawa, ko an ga jini, ko zawon ya kai mako biyu, a kai shi likita ranar nan, ba a jiran ranar kasuwa. Kuma in an ce a yi awon bayan gida, ku sani awon da aka saba yi ba kasafai yake nuna Kirifto ba, sai an yi masa rini na musamman, ɗan'uwan wanda ake yi wa kakin mai tarin fuka, sannan ƙwan ya fito ja. In zawon ya daɗe, ku tambayi lokotoro ko ana yin wannan awon a wurin, ko sai an aika Yamai.

Na ga mai gabatarwa na duban agogo. Masu tambaya su ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.